Babi na Shida: TrueCrypt, Manhajar da Aka Rasa Mai Ita

Ranar 2 ga Fabrairun 2004 wasu mutane da suka kira kansu TrueCrypt Team suka saki wata sabuwar manhaja a intanet, kyauta ga duk mai so. Aikinta shi ne ta kulle abin da ke cikin faifan ajiya na kwamfuta, ta yadda ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ko hukuma ta ƙwace ta, in dai ba a san kalmar sirri ba babu abin da za a tarar a ciki sai tarkacen lambobi marasa kai marasa gindi. Ko mako ba a rufa ba suka janye ta daga shafinsu, suka ce sun dakatar da aikin. Lissafin da ke cikinta lafiya ƙalau yake. Saƙon imel ne daga Jamus ya taka musu birki.

Wanda ya aiko da saƙon shi ne Wilfried Hafner, manajan wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna SecurStar. Kamar yadda 'yan TrueCrypt suka bayyana a lokacin, cewa ya yi da kayan sata suka yi aikinsu. Dama ba daga farko suka rubuta manhajar ba; sun ɗora ta ne a kan wata tsohuwa mai suna E4M, wadda wani Paul Le Roux ya fitar a ƙarshen 1998. A faɗar Hafner, E4M ta kamfaninsa ce, Le Roux kuwa ma'aikacinsu ne da ya kwashe ta ya raba wa duniya, har ya rubuta mata lasisin da ba shi da hurumin rubutawa.

Sai an san yadda manhaja take zuwa hannun mutane kafin a ji nauyin wannan zargi. Akwai wadda aka riga aka harhaɗa, wadda kake saukewa ka danna ta tashi. Ita wannan, kwamfuta kaɗai ke iya karanta ta. Akwai kuma rubutun tushe, wato layukan umarnin da mai shirya manhaja ya zauna ya rubuta, waɗanda duk wani masanin sana'ar zai iya bi ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da aka umarci kwamfutar ta yi. Kamfanoni irin su Microsoft ɓoye nasu rubutun suke yi. Masu buɗaɗɗiyar manhaja kuwa suna baje nasu kowa ya gani. Sai dai a dokar haƙƙin mallaka, ganin rubutu ba ya ba ka ikon taɓa shi. Lasisi ne ke ba da wannan iko, wato takardar da mai rubutun ya haɗo da shi yana faɗin abin da ya yarje maka: ka kwafa, ka gyara, ka raba, ko ma ka sayar. Idan aka wayi gari aka ce wanda ya rubuta takardar ba shi ne mai kayan ba, duk wanda ya dogara da ita ya shiga halin mutumin da ya sayi fili ya kai gini har linta, sannan wani ya ɓullo da tasa takardar yana cewa wanda ya sayar maka ba shi da ko taku ɗaya a wurin.

Lasisin E4M gajere ne, kuma mai sauƙin kai. Ya ce kowa na iya kwafa, ya gyara, ya fitar da sabon abu daga ciki, amma kada ya kira sabon abin nasa E4M, kuma ya bar shaidar cewa Le Roux ne ya rubuta asalin. Ga wanda ya duba kwanan wata, maganar Hafner tana da ɗan gishiri, domin E4M ta riga ta shiga duniya kafin Le Roux ya fara aiki da SecurStar, inda aka haɗa iliminsa da na Shaun Hollingworth, mai wata manhajar da ake kira Scramdisk, aka fitar da DriveCrypt ta sayarwa. Amma rigimar ma'aikaci da ubangidansa a kan wane layi aka rubuta kafin ɗaukar aiki, wane kuma aka rubuta da albashin kamfani, ba abu ne da na waje zai warware da kalanda ba. 'Yan TrueCrypt sun tuntuɓi Le Roux don ya tabbatar musu da ingancin lasisinsa. Amsar da suka ce ya ba su ita ce akwai taƙaddamar shari'a tsakaninsa da SecurStar, kuma lauya ya hana shi cewa uffan.

Bayan wata huɗu, a watan Yunin 2004, sai ga siga ta 2.0 ta bayyana, ɗauke da sa hannun wani sabon suna, TrueCrypt Foundation. A wannan karon an saka ta ƙarƙashin GPL, lasisin da Linux ke kai, wanda kowane lauyan wannan fage ya san gabansa da bayansa. Da a ce ta zauna a nan, da wannan babi bai wuce shafi biyu ba. Mako biyu kacal aka yi, siga ta 2.1 ta fito an mayar da ita kan lasisin E4M, aka ce don gudun matsala da GPL. Matsalar a fili take: ba ka da ikon sauya wa rubutun wani lasisi sai da yardarsa, kuma sashen E4M na Le Roux ne, ko na SecurStar in an bi ta bakin Hafner. Wannan ƙulli da aka kasa kwancewa a 2004 shi ne zai dawo ya shaƙe aikin bayan shekara goma.

A tsakanin nan manhajar ta yi suna irin wanda kamfanoni ke kashe miliyoyi ba su samu ba. Daga Windows ta shiga Linux, a 2008 ta shiga Mac, a shekarar kuma ta fara iya kulle faifan kwamfuta gaba ɗayansa, har sai ka shigar da kalmar sirri kafin Windows ta tashi. Abin da ya fi jawo mata masoya shi ne ɓoyayyen sashe. Kana iya yin ma'aji ɗaya mai kalmomin sirri biyu. Ta farko tana buɗe sashen waje, inda ka zuba takardun da ba ka damu a gani ba. Ta biyu tana buɗe wani sashen da ke kwance a cikin filin da ake ɗauka babu komai. Da yake TrueCrypt tana cike duk filin da ba a yi amfani da shi ba da lambobin barkatai, kuma bayanan da aka kulle su ma kamar lambobin barkatai suke, da wuya mai bincike ya iya nuna cewa akwai sashe na biyu. In an matsa maka a kan iyaka ko a ofishin 'yan sanda, sai ka ba da ta farkon.

An kuma gwada ta a fagen fama. A 2008 'yan sandan Birazil sun kwashe faya-fayan ajiya daga gidan wani mai banki, Daniel Dantas. Masanansu suka yi wata biyar suna fama, suka miƙa wa hukumar FBI ta Amurka, ita ma ta shafe shekara guda, aka dawo da su a kulle. A watan Disambar 2012, watanni kafin duniya ta san sunansa, Edward Snowden ya tsaya gaban wasu 'yan tsirarun mutane a Honolulu yana koya musu amfani da TrueCrypt. A watan Agustan 2013 da aka tsare wani mai suna David Miranda a filin jirgin sama na Heathrow, cikin kayan da aka karɓe daga hannunsa akwai faifan da aka kulle da ita. 'Yan jarida, lauyoyi, likitoci, masu fafutuka, da kuma miyagu, kowa ya rungume ta. Waɗanda suka rubuta ta kuwa ba a san fuskarsu ba. Laƙabi biyu aka fi ji, ennead da syncon.

Duk da wannan farin jini, in ka kafa wani tsarin Linux kamar Debian ko Fedora ko Ubuntu a kwamfutarka, ka leƙa rumbun manhajojinsu, ba za ka ga TrueCrypt ba. Dalili yana cikin lasisin da masu ita suka rubuta wa kansu bayan sun bar na E4M, wanda suka yi ta yi wa kwaskwarima har ya kai siga ta 3.0. Yana da kyau mutum ya zauna ya karanta shi a tsanake, domin ba kasafai ake samun takardar da tsoron mai rubuta ta ya fito fili haka ba. Ta ba ka izinin gyarawa da rabawa, amma in ka canja ko da kaɗan ne, dole ka cire sunan TrueCrypt. Ba su tsaya nan ba, sai da suka jero misalan sunayen da suka haramta: TrueCrypt+, TrueCrypt Professional, iTrueCrypt, True-Crypt, har da TruKrypt. Haramcin ya shafi adireshin shafinka na intanet. Dole ka kwashe tambarinsu da hotunansu. Bayan ka gama goge sunansu daga ko'ina, dole kuma ka rubuta a inda mai amfani zai gani cewa a kan TrueCrypt ka yi gini, ka nuna masa adireshin da zai samo ta asali kyauta. Can ƙasa kuma akwai sakin layin da ke cewa in ba ka tabbata ka fahimci kowane sashe na lasisin ba, to kada ma ka yi amfani da manhajar, ka nemi lauya tukuna.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana cikin dalilan da suka sa Free Software Foundation, gidauniyar da Richard Stallman ya kafa, ta saka lasisin a jerin waɗanda ba su cika 'yanci ba. Lauyoyin Red Hat, kamfanin da ke ɗaukar nauyin Fedora, wani wurin ne ya tsaya musu a rai. A 2008 Tom Callaway, wanda a lokacin yake kula da sha'anin lasisi a Fedora, ya isar da ra'ayinsu cewa yadda aka tsara takardar, mai manhajar bai yi alkawarin ba zai kai ka ƙara ba ko da ka cika dukan sharuɗɗa. To mene ne amfanin lasisi in ba wannan alkawarin ba? Masu TrueCrypt sun gyara wasu kalmomi daga baya, amma Fedora ba ta cire ta daga jerin abubuwan da ta haramta ba. Masu buƙata sai suka koma wani rumbu na gefe, RPM Fusion, inda aka canja mata suna zuwa RealCrypt aka sauya tambari don a bi sharaɗin. A 2013 Simon Phipps, shugaban Open Source Initiative na lokacin, ƙungiyar da ke tantance wane lasisi ne ya cancanci a kira shi buɗaɗɗe, ya fito ya ce sam bai dace TrueCrypt ta riƙa kiran kanta buɗaɗɗiyar manhaja ba.

A nan ina ganin ya kamata a yi wa mutanen nan adalci, domin kishin da suka yi wa sunansu ba rowa ba ce. Cikin dubun masu sauke manhajar kulle bayanai, da wuya a sami ɗaya da zai iya karanta rubutun tushenta. Sauran sunan suka sani, shi suka amince wa, shi suke miƙa wa asirinsu. Duk wanda ya iya liƙa wannan suna a kan gurɓatacciyar manhaja ya gama da su. An kuma ga hakan: a watan Yulin 2015 kamfanin ESET ya bankaɗo wani shafi na harshen Rashanci da ke raba TrueCrypt da aka fassara, wanda yawancin masu zuwa yake ba su ta ƙwarai, amma wasu zaɓaɓɓun mutane yake ba su wadda aka dasa wa ƙofar leƙen asiri. Irin wannan ne suke gudu, kuma suna da gaskiya.

Kuskurensu yana wurin da suka ajiye kariyar. Dokar alamar kasuwanci daban take da dokar haƙƙin mallaka. Ta farko suna da tambari take karewa don kada a ruɗi mai saye. Ta biyu rubutun take karewa. Manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja raba su suke yi: rubutu ya tafi da sanannen lasisi, suna kuma ya zauna da tasa ƙa'idar a gefe. Haka Mozilla ta yi da Firefox. Ita ma ta yi rigima da Debian a kan suna da tambari, har Debian ta sauya wa manhajar suna zuwa Iceweasel a 2006. Amma lasisin rubutun bai taɓa shiga rigimar ba, kuma da yake Mozilla tana da ofis da lauyoyi da mutanen da za a zauna da su, a 2016 aka sasanta, sunan Firefox ya koma Debian. TrueCrypt kuwa cusa dokar suna ta yi a cikin lasisin rubutu, ta yadda saɓa wa ɗaya saɓa wa duka ne, sannan babu wanda za a kira a zauna da shi. Wani abin ban dariya ma, ita alamar kasuwanci ba a yi mata rajista da laƙabi. Sai da aka rubuta sunan mutum a takarda, a Jamhuriyar Cek da kuma Amurka, kuma kusan duk ɗan abin da 'yan jarida suka tono game da masu manhajar daga irin waɗannan takardun rajista suka samo shi.

*

Fallasar da Snowden ya yi a 2013 ta sa kowa ya koma duba makullansa. Matthew Green, malamin ilimin sirrin lambobi a Jami'ar Johns Hopkins, da Kenneth White suka tayar da maganar da aka daɗe ana kauce mata: manhajar da miliyoyin mutane suka dogara da ita, ba a san masu ita ba, kuma ba a taɓa yi mata cikakken binciken ƙwararru ba. Suka buɗe asusun karo-karo a watan Oktoba, jama'a suka tara wajen dala 70,000. Cikin abubuwan da suka ce za a yi da kuɗin har da ɗaukar lauya ya duba lasisin, abin da ke nuna cewa tun manhajar na da rai an san nan ciwon yake. Harhaɗa ta ma wani aiki ne: sashen da ke tayar da kwamfuta sai da wata tsohuwar manhajar Microsoft ta 1993 ake iya harhaɗa shi. Duk da haka wani ɗalibi a Jami'ar Concordia ta Kanada, Xavier de Carné de Carnavalet, ya bi ta wannan wahala ya nuna cewa abin da ake saukewa ya dace da rubutun da aka wallafa. A watan Afrilun 2014 kamfanin iSEC Partners ya fitar da sakamakon zagayen farko: akwai sakaci nan da can, amma babu alamar ƙofar da aka dasa da gangan.

Mako shida bayan wannan albishir, ranar 28 ga Mayun 2014, masu shiga shafin TrueCrypt suka tarar da jan rubutu yana gargaɗin cewa amfani da ita ba shi da aminci, domin tana iya ƙunsar matsalolin tsaro da ba a gyara ba. Aka ce an daina aikin tun da Microsoft ta yaye Windows XP, aka shawarci mutane su koma BitLocker ta Microsoft, wadda rubutunta a rufe yake. Aka kwashe tsofaffin sigogi, aka bar sabuwa ɗaya, 7.2, wadda buɗewa kawai take yi, ba ta kullewa. Da farko an ɗauka kutse ne, sai aka duba aka ga da makullin sa hannu na masu ita aka hatimce ta. Nan fa hasashe ya ɓarke. Wasu suka tuna Lavabit, kamfanin imel ɗin da ya gwammace ya rufe a 2013 da ya miƙa asirin masu hulɗa da shi, suka ce ai wannan ma matsin hukuma ne, shawarar BitLocker kuma zaurance ne. Ni dai bayanin da ya fi kwanta mini shi ne wanda ya fito daga adireshin imel na ɗaya daga cikinsu a kwanakin: sha'awar aikin ce ta ƙare. Shekara goma kana ɗauke da asirin duniya kyauta, a ɓoye, ba yabo ba fallasa, gajiya ba abin mamaki ba ce. Zagaye na biyu na binciken, wanda NCC Group ta kammala a watan Afrilun 2015, shi ma bai sami wata ƙofar ɓoye ba.

Siga ta 7.2 ta zo da lasisi na 3.1, wanda aka cire wa sharaɗin nan na ambaton TrueCrypt da adireshinta. Masu karatun tsakanin layuka suka ce alama ce ta cewa an sakar wa jama'a mara. Sai dai sassaucin a kan 7.2 yake, wadda aka riga aka cire wa haƙora. Siga mai amfani, 7.1a ta Fabrairun 2012, tana nan a kan 3.0. Saboda haka Green ya rubuta wa ɗaya daga cikin masu ita yana roƙon abu ɗaya: su yarda a mayar da rubutun kan wani sanannen lasisi, a kuma ci gaba da aikin. Amsar da aka wallafa a watan Yuni ta ce abin da yake nema ba mai yiwuwa ba ne. Mai amsar ya ce bai ga alheri a yanke reshe daga TrueCrypt ba, gara a rubuta sabuwa daga farko, kuma bai hana a riƙa duba rubutunsu don koyo ba. An yi ta karanta wannan amsa a matsayin taurin kai. A nawa karatun, ko da ya so, ba duka rubutun ne nasa da zai bayar ba. Akwai sashen E4M a ciki, akwai gutsattsarin wasu masana da nasu sharuɗɗan, ga zargin SecurStar da ba a taɓa wankewa ba.

Mutane ba su jira izini ba. Steve Gibson ya ajiye 7.1a a shafin kamfaninsa don masu nema. Wasu a Siwizalan suka buɗe shafi da sunan TrueCrypt ɗin kanta, abin da ya ci karo da lasisin kai tsaye, suna lissafin cewa wanda ya ɓuya shekara goma ba zai fito gaban alƙali don kare suna ba. Lissafin bai da laifi a aikace, amma babu kamfani ko gidauniyar da lauyanta zai bar ta ta ɗora aiki a kan fatan cewa mai haƙƙi ba zai farka ba. Wata ƙungiyar ta ɗauki sunan CipherShed da niyyar maye gurbin rubutun sannu a hankali har a rabu da tsohon lasisi. Ta fitar da 'yan sigogi, zuwa 2016 ta yi sanyi.

Wanda ya ci gadon shi ne wanda bai ma jira mutuwar ba. Mounir Idrassi, mai wani ƙaramin kamfani a Faransa da ake kira IDRIX, ya fitar da VeraCrypt tun watan Yunin 2013, shekara guda kafin rufewar. Ya bi sharaɗin sau da ƙafa: sabon suna, sabon tambari, da shaidar inda aka samo asali. Abin da ya dame shi tun farko shi ne yadda ake sarrafa kalmar sirri ta zama makulli. TrueCrypt tana juya ta sau 1,000 ko 2,000, adadin da ya wadatar a 2004 amma ya zama wasa ga injunan da ke gwada miliyoyin kalmomi. Idrassi ya ɗaga shi zuwa dubban ɗaruruwa, har sau 500,000 a wasu tsare-tsaren. Mai faifai zai ɗan jira kafin ya buɗe. Mai hasashen kalmar sirri kuwa kowane gwaji sai ya biya wannan jiran.

A watan Satumbar 2015 aka ga amfanin samun magaji mai fuska. James Forshaw na rukunin Project Zero a Google ya gano ramuka biyu a sashen TrueCrypt da ke hulɗa da zuciyar Windows, waɗanda binciken da aka biya bai gani ba. Ɗaya daga ciki yana ba mai ƙaramin izini a kwamfuta damar zama mai cikakken iko. VeraCrypt ta gaji ramukan, ta kuma toshe su cikin kwanaki a siga ta 1.15. Ita kuwa TrueCrypt 7.1a har yau suna nan a jikinta, domin masu ikon gyara ta da wannan suna sun tafi, duk wanda kuma ya gyara dole ya kira ta da wani sunan. A 2016 kamfanin Quarkslab na Faransa ya binciki VeraCrypt da kuɗin da ƙungiyar OSTIF ta tara, ya sami manyan matsaloli takwas, aka gyara mafi yawansu a siga ta 1.19.

Abin da Idrassi bai iya gyarawa ba shi ne takardar. Rubutun da ya ƙara da hannunsa yana ƙarƙashin Apache 2.0, lasisin da kowa ya yarda da shi. Wanda ya gada yana nan a kan TrueCrypt 3.0. In ka buɗe fayilolin tushen VeraCrypt, a saman da yawa daga cikinsu za ka ga an rubuta cewa wani sashe ya samo asali daga E4M, haƙƙin mallakar Paul Le Roux, 1998 zuwa 2000. A 2016 ne ɗan jarida Evan Ratliff ya bayyana wa duniya ko wane ne wannan mutum, a jerin rahotannin da suka zama littafinsa The Mastermind. Haifaffen Bulawayo ne a Zimbabuwe ta yau, ya girma a Afirka ta Kudu. Bayan ya bar SecurStar ya kafa kasuwancin sayar wa Amurkawa magungunan kashe zafi ta intanet, ya zauna a Manila, daga nan ya zarce safarar ƙwaya da makamai da zinare, har da ɗaukar 'yan ina-da-kisa. A watan Satumbar 2012 jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka suka yi masa tarko a Monrobiya, babban birnin Laberiya, suka tafi da shi. Ya koma yi musu aiki yana tona yaransa. A gaban kotu a 2016 ya amsa cewa shi ya rubuta E4M, ya kuma musanta hannu a TrueCrypt. A watan Yunin 2020 wata kotun tarayya a New York ta ɗaure shi shekara 25. Duk mai son wanke lasisin VeraCrypt ta hanyar neman yardar masu haƙƙi, jerin waɗanda zai nema ya haɗa da fursuna, da kamfanin da ke cewa fursunan ba shi da haƙƙin, da wasu mutane masu laƙabi da suka daina amsa saƙo.

Hanya ɗaya ce ta kuɓuta daga wannan sarƙaƙiya, ita ce wadda mai amsa wa Green ya nuna, kuma an riga an bi ta tun kafin ya faɗa. Haƙƙin mallaka rubutu yake karewa. Bai hana wani ya fahimci yadda aka tsara bayanai a kan faifai ya rubuta nasa umarnin da zai karanta su ba. A 2011 Alex Hornung ya rubuta tc-play daga farko don tsarin DragonFly BSD, da lasisin BSD mai sharaɗi biyu kacal. A farkon 2013 cryptsetup, manhajar da Linux ke kulle faya-fayanta da ita, ta koyi buɗe ma'ajin TrueCrypt, daga baya ta ƙara da na VeraCrypt. Waɗannan sun shiga rumbun Debian ba tare da gardama ba, VeraCrypt kuwa tana waje saboda rabin lasisinta.

A watan Oktoban 2023, da fitowar jerin sigogi na 1.26, VeraCrypt ta daina buɗe ma'ajin da aka yi da tsarin TrueCrypt, ta kuma watsar da wasu tsofaffin hanyoyin lissafi da ta gada. Wanda ke da tsohon faifai a akwati daga zamanin 7.1a, sai dai ya nemi VeraCrypt 1.25.9 ya buɗe shi ya sauya masa tsari, ko ya jona shi a kwamfuta mai Linux ya kira cryptsetup.